Malmalar Manomi a Teburin Ma'aikaci

Labarin yakan fara ne a ɗakin likita. Ma'aikaci ɗan shekara 40 da 'yan kai ya je asibiti saboda ciwon kai da ya ƙi sauka, aka auna jininsa, aka soki yatsarsa, likita ya dubi takarda ya ce jini ya hau, suga kuma yana bakin iyaka, sai a rage ƙiba. Kafin mako ya zagayo ya sayi takalmin gudu, ya biya kuɗin wata 3 a gidan motsa jiki, ya sanar da uwargida cewa daga yau an daina tuwo, wani abokin aiki kuma ya haɗa shi da mai sayar da shayin rage tumbi a WhatsApp. Bayan wata 2 takalmin yana ƙarƙashin gado, tuwo ya dawo, tumbi yana nan inda aka bar shi. Abin da ya ƙaru kawai shi ne zaton cewa nasa jikin ba ya jin magani.

Jikinsa bai gaza ba, shirin ne aka ɗora a kan kuskuren gane inda matsalar take. Yawancin masu fara neman rage ƙiba a cikin ma'aikatan Kano, Kaduna, Abuja ko Yamai suna ɗauka abincin gida ne abokin gaba, mafita kuma tana cikin wani abu da za a saya. Alhali tuwon bai canza ba, mai cinsa ne ya canza. Malmalar da aka auna domin wanda zai wuni yana huɗa ita ce har yau ake ajiyewa a gaban wanda zai wuni a kan kujera, an kuma ƙara mata kwalbar lemu a gefe. Duk wanda ya fahimci wannan ya riga ya san abin da zai yi a watannin farko, kuma kusan babu abin da zai kashe wa kuɗi a ciki.

Abin da ya canza

Kakan ma'aikacin yau da ƙafa yake zuwa gona, da fartanya yake noma, da ka yake ɗauko dami. Kakarsa kuwa tana surfe, tana daka, tana jan guga a rijiya, duk kafin rana ta take. Abincinsu gero ne da dawa da wake da ganye, nama sai ranar kasuwa ko Sallah, sukari kuma abin marmari. Jikan nasu yana fita daga ɗaki ya shiga mota, daga mota ya hau kujera, daga kujera ya koma mota, da dare ya kishingiɗa da waya a hannu. Girman kwanon bai ragu ba, sai dai abin da ke ciki ya koma farar shinkafa da burodi da taliya da soye-soye.

Wannan sauyi bai tsaya a ƙasar Hausa ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a 2022 mutum 1 cikin kowane 8 a duniya yana fama da ƙiba mai yawa, kuma adadin manya masu ita ya ninka fiye da sau 2 tun daga 1990. Duk inda aikin ƙarfi ya ragu, abinci mai mai da zaƙi ya yi araha, sakamakon iri ɗaya ne: hawan jini, ciwon suga, ciwon gwiwa, shanyewar ɓarin jiki.

Lissafin da ke ƙarƙashin al'amarin ba mai wuya ba ne. Jiki yana karɓar kuzari daga abinci, ana auna shi da kalori. Abin da bai ƙona ba yakan adana shi a matsayin kitse, kuma kilo 1 na kitsen jiki yana ɗauke da kimanin kalori 7,700. Babu wanda ke tara wannan a rana ɗaya. Ɗan rarar da ake bari kullum ne ke taruwa shekara da shekaru, har ranar da tela zai ce sai an ƙara yadi. Abin da aka shekara 10 ana tarawa ba zai zube a mako 3 ba.

Awon da ya fi sikeli

Kafin mai farawa ya taɓa kwanonsa, yana da kyau ya san inda yake tsaye. Awon da aka fi sani shi ne a raba nauyin mutum na kilo da tsawonsa na mita sau biyu. A ma'aunin da aka saba, 25 ne farkon nauyin da ya wuce kima, 30 kuma farkon ƙiba mai yawa. Amma hukumar NICE, wadda ke tsara ƙa'idojin jinya a Ingila, ta saukar da iyakar ga baƙaƙen fata 'yan asalin Afirka da mutanen Asiya zuwa 23 da 27.5, domin haɗarin ciwon suga yana riskarsu tun nauyi bai kai can ba. Mai tsawon santimita 170 da nauyin kilo 80 awonsa 27.7 ne. A tsohon ma'auni ɗan ƙari ne kawai gare shi, a wannan kuwa ya riga ya tsallaka.

Akwai awon da ya fi wannan sauƙi, kuma tef ɗin tela kaɗai yake buƙata. A zagaya shi a ciki, tsakanin ƙashin haƙarƙari na ƙarshe da saman ƙashin ƙugu, bayan an saki numfashi. Abin da ya fito bai kamata ya kai rabin tsawon mutum ba. Mai santimita 170 ya tsaya ƙasa da 85. Muhimmancin wannan awo shi ne kitsen da ke taruwa a cikin ciki, kewaye da hanta da hanji, ya fi na cinya da na damtse illa. Shi ya sa ake samun siririn mutum mai ɗan tumbi a ƙarƙashin babbar riga yana ɗauke da haɗarin da bai sani ba.

Burin farko kuma bai kamata ya zama komawa jikin samartaka ba. A 2002 aka wallafa sakamakon wani babban bincike a Amurka, wanda ya bi mutum 3,234 da sugansu ke bakin iyaka. Waɗanda aka ɗora a kan rage kashi 7 cikin 100 na nauyinsu da motsa jiki na minti 150 a mako, haɗarin kamuwarsu da ciwon suga ya ragu da kashi 58 cikin 100. Waɗanda aka bai wa ƙwayar metformin nasu ya ragu da kashi 31. Ga mai kilo 90, kashi 7 bai wuce kilo 6 da 'yan kai ba. Idan ana sauke rabin kilo a mako, aikin wata 3 ne.

Kwalba kafin kwano

Wuri mafi riba da za a fara shi ne abin sha, domin nan ne kalori ke shiga ba tare da ciki ya ƙirga shi ba. Lemun kwalba na yau da kullum yana ɗauke da kimanin giram 10 na sukari a kowace mililita 100. Robar santilita 50 ke nan tana da wajen giram 50, wato cokalin shayi 12, kalori 200 da ɗoriya. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce sukarin da ake ƙarawa kada ya kai kashi 10 cikin 100 na kuzarin yini, abin da ya yi daidai da giram 50 ga matsakaicin mutum, kuma rabin haka ya fi. Roba ɗaya ta cinye rabon yini gaba ɗaya, mutum kuma ya tashi ya ci abincinsa cif kamar bai sha komai ba.

Dokar kuɗi ta Najeriya ta 2021 ta sanya harajin naira 10 a kan kowace lita ta irin waɗannan lemuka, wato naira 5 a kan roba ɗaya, kuɗin da ba zai hana kowa saye ba. Hanin sai dai ya fito daga mai sha. Kuma kada a yaudari kai da cewa na gida ya kuɓuta. Zoɓo da kunun aya da fura da nono abubuwa ne masu kyau a asalinsu, amma yadda ake zuba musu sukari a yau ya kai wasunsu sahun lemun kanti. Haka shayin mai shayi, da madarar gwangwani da cokali 4 na sukari, wanda ake kora rabin burodi da shi. Wanda ya mayar da ruwa abin shansa na kullum, ya bar zaƙi ga ranar biki, ya yi rabin aikin watan farko.

Gyaran kwano

Bayan kwalba sai kwano, kuma a nan gyara ake buƙata, ba kora ba. Yadda aka saba, tuwo ko shinkafa ne ke cika kwano, miya ta zama abin shafawa. Juya wannan tsari shi ne dukan sirrin: rabin kwano ganye da kayan lambu, kwata abin gina jiki kamar wake, kifi, ƙwai, awara ko nama, kwatan da ya rage tuwo ko shinkafa. Mai cin malmala 3 ya koma 2, bayan makonni ya koma 1 da rabi, miyar kuma ta ninka. Saukowa mataki-mataki ta fi ɗorewa, domin cikin da aka yi wa fashi da rana yakan rama da dare.

Masu cewa abinci mai lafiya sai mai kuɗi suna kallon kantunan zamani ne, inda ake sayar da tufa da hatsin kwali na ƙasar waje. Kasuwar unguwa ta fi su kaya. Zogale, rama, alayyahu, yakuwa, tafasa, kuka, kuɓewa, kabewa, ga wake da gyaɗa, duk suna cikin mafi arahar abin da ake sayarwa. Kwaɗon zogale, dambu mai yawan ganye, faten wake, ɗanwake, tuwon dawa ko na gero da ba a surfe shi ya yi fari tas ba, kowannensu yana riƙe ciki fiye da burodi ko taliya, domin dusar hatsi da ganye suna jinkirta narkewar abinci, suga ba ya hawa jini da gudu. Shawarar Hukumar Lafiya ta Duniya ita ce giram 400 na ganye da 'ya'yan itace a yini, kuma gwanda, goba, kankana da mangwaro a lokacinsu sun wadatar.

Inda ake yawan tuntuɓe shi ne mai. Giram 1 na mai yana da kalori 9, na sitacin da ke cikin hatsi ko na furotin da ke cikin nama yana da 4. Cokalin cin abinci 1 na man gyaɗa ko man ja kimanin kalori 120 ne. Ɗanwake da garau-garau abinci ne na kirki, amma idan aka kwarara musu mai har ya kwanta a gindin kwano, an ninka nauyinsu. Maganin shi ne a auna mai da cokali maimakon a tuttula daga galan. Gishiri ma haka: iyakar yini ƙasa da giram 5 ce, kimanin cokalin shayi 1, kuma dunƙulen ɗanɗano da ake jefawa 5 ko 6 a tukunya kaso mai yawa na jikinsa gishiri ne. Daddawa da albasa da citta da tafarnuwa suna ba miya ɗanɗano ba tare da sun ɗaga jini ba.

Musulmin da ke karanta wannan ya san hadisin da ya kasa ciki kashi 3 tsakanin abinci da ruwa da numfashi. Kowa ya haddace shi, kaɗan ne ke tunawa da shi a gaban faranti. Watan azumi shaida ne: mutane da yawa suna fitowa daga cikinsa da nauyinsu yadda yake, wasu ma da ƙari, saboda ƙosai da soyayyen dankali da kunu mai zaƙi da ake tarawa tsakanin Magariba da barci.

Tafiya da aikin da take yi

A nan ya kamata a faɗi abin da masu tallan gidajen motsa jiki ba sa son faɗa. Motsa jiki shi kaɗai ba ya zubar da nauyi sosai. Mai kilo 80 da ya yi tafiyar sauri ta minti 30 ya ƙona kimanin kalori 150, abin da robar lemu ɗaya za ta mayar har da riba. Binciken da Herman Pontzer da abokan aikinsa suka wallafa a 2012 a kan Hadza, mafarautan Tanzaniya masu wuni suna yawo a daji, ya nuna cewa kuzarin da suke ƙonawa a yini bai yi nisa da na mazauna biranen Turai da Amurka ba idan aka yi la'akari da girman jiki. Jiki yana da dabarun tsimi. Saboda haka rage nauyi aikin kwano ne da farko.

Amma wannan ba hujjar zama ba ce, domin amfanin motsi ya wuce sikeli. Yana saukar da hawan jini, yana sa tsoka ta janye suga daga jini, yana gyara barci, yana kuma taimaka wa wanda ya rage nauyi kada ya koma. Ƙa'idar Hukumar Lafiya ta Duniya ga manya ita ce minti 150 zuwa 300 a mako na motsi matsakaici, irin wanda mutum zai iya magana a cikinsa amma numfashinsa ya ɗaga, tare da atisayen ƙarfafa tsoka kwana 2 a mako. Minti 30 sau 5 ke nan. Wanda ya daɗe bai motsa ba ya fara da minti 10, ya riƙa ƙarawa.

Taku 10,000 da wayoyi ke ƙirgawa ba wahayi ba ne. Adadin ya samo asali ne daga tallan wata na'urar ƙirga taku a Japan a shekarun 1960. Binciken da aka wallafa a 2019 a kan tsofaffin mata a Amurka ya ga amfani tun daga taku 4,400, amfanin kuma ya daidaita a wajen 7,500. Ma'aikacin da ya tafi masallaci mai ɗan nisa da ƙafa bayan Asuba, lokacin da gari bai yi zafi ba, ya ajiye mota nesa da ofis, ya hau bene da ƙafa, ya kusa cika rabonsa. Matar da fita ke yi mata wuya tana da tsakar gida, da igiyar tsalle, da tsugunnawa a miƙe sau 10 a jere, da turin bango. Ƙarfafa tsoka ba sai da ƙarfe ba, kuma ya fi zama dole ga wanda ke rage ci, domin jikin da ke sauke nauyi ba tare da aiki ba yakan zubar da tsoka tare da kitse. Barcin awa 7 ma yana cikin shirin, don wanda bai ƙoshi da barci ba yunwarsa takan ƙaru.

Gajeriyar hanya

Shayin rage tumbi yana da kasuwa ne saboda sikeli yana gaskata shi a makon farko. Da yawa daga cikin irinsa suna ɗauke da ganyen senna, dangin filasko, wanda aikinsa sa gudawa ne. Abin da ya fita ruwa ne, kitse yana nan, kuma yawan sha yana wahalar da hanji da ƙoda. Mafi muni shi ne an sha gano sibutramine a ɓoye cikin kayan rage ƙiba da ake kira na ganye, maganin da aka janye daga kasuwannin Turai da Amurka a 2010 saboda yana ƙara haɗarin bugun zuciya da shanyewar jiki. Mai hawan jini da ya sha irin wannan ya je neman sauƙi ya sayo abin da likita ke gudar masa.

Horon yunwa mai tsanani ma yana da nasa sakamakon. A 2016 Kevin Hall da abokan aikinsa suka bibiyi mutum 14 da suka zubar da nauyi mai yawa cikin gaggawa a wata gasar talabijin ta Amurka. Bayan shekara 6 yawancinsu sun mayar da mafi yawan abin da suka zubar, jikinsu kuma yana ƙona kimanin kalori 500 ƙasa da yadda ake tsammani a kowace rana. Sababbin allurai irin su semaglutide kuwa suna aiki da gaske, gwaji ya nuna ragin kimanin kashi 15 cikin 100 na nauyi, amma suna da tsada, sai da kulawar likita, kuma waɗanda suka daina sun mayar da kusan kashi 2 cikin 3 na abin da suka rasa a cikin shekara ɗaya. Suna da gurbinsu ga masu ƙiba mai tsanani. Mai ciwon suga da ke shan magani, da mai ciwon zuciya ko ƙoda, da mai juna biyu, kada ɗayansu ya sauya ci ko ya fara atisaye mai ƙarfi sai ya ga likita.

Idon jama'a

Babban cikas ba a cikin tukunya yake ba, a bakin mutane yake. A al'adar da ta daɗe tana fama da fari da yunwa, ƙiba shaidar wadata ce. Ango ya yi tumbi, a ce amarya ta iya girki. Amarya ta yi ƙiba, a ce hankalinta a kwance yake. Wanda ya sauke kilo 6 kuwa sai a tare shi a bakin masallaci ana tambaya ko lafiya, wasu su yi zaton ciwo, wasu karayar arziki. Wannan kallo ne ke sa wasu mata shan ƙwayoyin sa ƙiba da ke kumbura jiki suna lalata shi. Ma'aunin da ya yi daidai a zamanin da abinci ke wuya ya zama tarko a zamanin da lemu ya fi madara araha.

Saboda haka shirin da mutum ya ƙulla shi kaɗai a ransa yakan mutu a teburin gida. Maigidan da ya ba da umarnin a daina tuwo bai yi shawara da mai girki ba, ya jawo tukunya biyu da ɓacin rai. Gara a zauna a yi magana, a rage mai da dunƙule a tukunyar kowa, a ƙara ganye, a daina ajiye katan ɗin lemu a firji, domin yaran gidan ma gadon wannan ɗabi'a suke ci. A wurin biki ko walima ba sai an ƙi abincin mai gida ba, a ɗiba kaɗan, a yaba, a sha ruwa. Ranar da aka zarce kuma ba ta rushe komai ba, washegari a koma kan hanya.

Ma'aikacin da aka fara da labarinsa bai buƙaci sabon takalmi ba. Abin da ya buƙata tef ɗin tela ne, da cokalin awon mai, da gorar ruwa a kan tebur, da minti 30 bayan Asuba, da malmala ɗaya da zai bari a kwano. Idan ya riƙe waɗannan wata 3, ya koma wurin likitan a sake auna jini da suga, ya kuma sake zagaya tef ɗin a cikinsa ya rubuta abin da ya gani kusa da na farko. Sannu ba ta hana zuwa.